Harafi ɗaya a jikin kwali: nazarin lamarin wata mai hawan jini a Gombe

Mai jinyar da yanayin gidanta

Matar da wannan nazari ya bibiya 'yar shekara 57 ce, a cikin garin Gombe take zaune, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun kawo ƙarfi. Sana'arta matsar man gyada da suyar ƙuli-ƙuli, aikin da ake yi a tsaye ko a duƙe a gaban wuta tun daga hantsi har la'asar. Nauyinta kilo 78. Ba ta da ciwon suga, ba ta taɓa kwanciya asibiti ba in ban da haihuwa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin mahaifiyarta.

Ba ta yi boko ba, amma mai sana'a ce, lamba ba ta ɓace mata. Da launin kwali da lambar da ke jikinsa take gane magani. Babban ɗanta, direban Keke Napep, shi ke sayen maganin duk wata. 'Yarta da ke aure a unguwar kusa ita ke raka ta asibiti. Mai saye daban, mai jin bayanin likita daban, mai sha daban, kuma ba kasafai su ukun suke zama wuri ɗaya a kan zancen magani ba.

Maris zuwa Yuni 2023: an gano hawan jini

Ciwon kai ta ƙeya ne ya kai ta asibiti a tsakiyar Maris 2023. Awon farko ya nuna 172 bisa 104. Aka maimaita bayan mako guda aka samu 168 bisa 102. Likita ya ɗora ta a kan amlodipine miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce ta rage gishiri da magi da kanwa.

Aikin amlodipine shi ne toshe ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga tsokar da ke jikin jijiyoyin jini. In kalsiyam bai shiga ba tsokar sai ta saki, jijiyar ta buɗe, matsin jini ya sauka. Kamfanin Pfizer ne ya ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1990, yau kuwa kamfanoni barkatai ke yin sa. Yana cikin magungunan da aka fi fara ba wa baƙar fata masu hawan jini, don yana karɓar su. Magani ne mai daɗewa a jiki: sai bayan awa 30 zuwa 50 rabin abin da aka sha yake fita, kuma sai an jera kwana 7 zuwa 8 ana sha kafin ya zauna daidai a jini.

Bayan mako shida awonta ya tsaya a 156 bisa 96. A farkon Mayu aka ɗaga maganin zuwa miligiram 10, wanda shi ne iyakar abin da ake ba wa babba a rana. Ƙarshen Yuni awo ya dawo 134 bisa 84, ciwon kai ya tafi.

Yuli zuwa Satumba 2023: kumburin ƙafa

A cikin Yuli ta lura silifas ɗinta suna barin shaida a bayan ƙafarta da yamma. Kafin Agusta idon sawunta duka biyu ya cika, in an danna da yatsa wurin ya lotsa. Da asuba kumburin yakan saɓe, ya dawo bayan azahar. Babu haki, babu tari, tana kwanciya a kan matashi ɗaya lafiya lau.

Gidan ya rabu kashi biyu. 'Ya'yan suka tsorata da ƙoda, don sun ga maƙwabcin da kumburi ya kai shi wankin ƙoda. Wata ƙanwar mahaifinta kuma ta ce tsallake ne, aka kawo saiwoyi aka jiƙa, ta sha mako guda tana shafa garin magani a ƙafa. Kumburin bai motsa ba.

Daga nan ɗan ya je kemis ɗin unguwa ya faɗi abin da ke faruwa, aka ba shi furosemide miligiram 40, wanda mutane ke kira maganin fitsari. Ta sha na mako biyu. Fitsari ya yawaita har ya hana ta barci, ƙishirwa ta dame ta, tsokar sharaɓarta tana ɗaurewa da dare. Kumburin ya ɗan ragu kwanakin farko, sannan ya koma yadda yake.

A tsakiyar Satumba ta gaji, ta ajiye duk wani magani ba tare da ta gaya wa kowa ba. Cikin kwana goma ƙafar ta koma kusan yadda Allah ya halicce ta, ciwon kai kuma ya dawo. Aka auna ta a kemis aka ga 168 bisa 100. Ta koma kan ƙwayarta mai lamba 10, kafin mako biyu kumburi ya sake bayyana.

Oktoba 2023: gwaje-gwaje da canjin magani

Ranar 10 ga Oktoba 'yar ta kai ta babban asibiti. Gwajin fitsari bai nuna furotin ba, gwajin jini na ƙoda da na hanta lafiya, hoton zuciya bai nuna gazawa ba. Awon jini 136 bisa 84. Aka zagaya tef a ƙafarta, ɗan sama da idon sawu, aka samu santimita 27.

Labarin kwana goman da ta yi ba magani shi ya fi duk gwaje-gwajen amfani ga likitan. Ya ce kumburin na amlodipine ne. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, amma bai buɗe waɗanda ke dawo da shi gwargwadon haka ba. Matsi sai ya taru a tsakani, ruwa ya tsattsafo cikin nama, tsayuwa da zafin wuta kuma su ƙara masa. Ruwan jikinta bai yi yawa ba, wurin zamansa ne ya sauya, shi ya sa maganin fitsari ya busar da ita ya bar kumburin. Takardar bayanin maganin a Amurka ta nuna yadda abin ke bin yawan abin da aka sha: kashi 1.8 cikin ɗari na masu shan miligiram 2.5 sun kumbura, kashi 3 na masu shan 5, kashi 10.8 na masu shan 10. Mata kuma sun fi maza samu.

Likitan ya hana ta komawa kan furosemide, ya ce ta riƙa suya a zaune a kan kujera, ta ɗora ƙafa a kan matashi in ta huta. Ya koya wa 'yar auna ƙafar da tef ɗin tela. Sannan ya soke amlodipine miligiram 10, ya rubuta S-amlodipine miligiram 5. Abin da 'yar ta kai gida shi ne, "An rage wa Inna magani, daga goma an dawo da ita biyar."

Abin da ke bayan harafin S

Ba a rage mata komai ba, kuma dalilin yana cikin ginin maganin kansa.

Ƙwayar da ake haɗiya tana ɗauke da ƙwayoyin sinadari bila adadin, kowace an gina ta da ƙwayoyin zarra da suka riƙe juna. Zarrar kabon tana riƙe abubuwa huɗu, kuma ba a shimfiɗe suke ba yadda ake zana su a allo, sun bazu ne ta kusurwoyi huɗu a kewaye da ita. In abubuwan huɗun nan duk sun bambanta da juna, hanyoyi biyu ake iya jera su, ɗaya hoton ɗayar ce a madubi. Duk yadda aka juya ta farko ba za ta koma ta biyun ba. Misalinsu takalmin dama da na hagu: fata ɗaya, ɗinki ɗaya, awo ɗaya, nauyi ɗaya, amma ƙafar dama ɗaya kaɗai take karɓa daga cikinsu.

Louis Pasteur ne ya fara kama wannan da idonsa a Faransa a 1848, yana ɗan shekara 25. Yana nazarin wani gishiri na sinadarin da ke daskarewa a gangunan inabi, sai ya lura 'ya'yan gishirin fasali biyu ne, wasu sun karkata dama wasu hagu. Ya sa hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya narka kowane kashi daban, ya haska musu tataccen haske mai kaɗawa ta fuska ɗaya. Kashi ɗaya ya murɗa hasken dama, ɗayan ya murɗa shi hagu daidai gwargwado, haɗinsu kuwa bai murɗa shi ko kaɗan ba. Sai a 1874 van 't Hoff ɗan ƙasar Holan da Le Bel ɗan Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa kabon mai kusurwa huɗu ne tushen abin. Haruffan R da S da ake bambanta tagwayen da su daga baya suka zo, a tsarin da Cahn da Ingold da Prelog suka shimfiɗa a shekarun 1950.

A kwalbar ɗakin gwaji tagwayen nan kusan ba su da maraba: nauyi ɗaya, zafin narkewa ɗaya. A jikin mutum ne suke rabuwa, saboda jikin shi ma mai ɓangare ne. Furotin ɗin da ke jikinmu da tubala masu fasali ɗaya aka gina shi, sukarin da ke jininmu ma haka. Ƙofar kalsiyam ɗin da amlodipine ke toshewa furotin ce, gurbin da maganin ke zama a jikinta kuma yana da fasalin da ya dace da ɗaya daga tagwayen.

Amlodipine yana da kabon guda ɗaya mai irin wannan hali, a kan zoben da ke tsakiyar gininsa. Idan aka haɗa shi a masana'anta ta hanyar da aka saba, rabi yana fitowa R, rabi S, kuma raba su aiki ne mai cin kuɗi, don haka a gauraye ake sayar da shi tun farko. Na S ɗin ya fi na R ƙarfin toshe ƙofar kalsiyam da kusan ninki dubu. Ma'ana, a cikin ƙwayar amlodipine mai lamba 10, miligiram 5 ne ke saukar da jini. Kamfanonin da suka tace S ɗin zalla suna sayar da shi a miligiram 2.5 da 5, kuma 5 ɗinsu daidai yake da 10 na gama-gari, wato gaurayen R da S. A Indiya da Sin an daɗe ana amfani da shi, a Amurka kuwa sai a Disamba 2019 aka amince da shi da sunan levamlodipine. Abin da ake tallata shi da shi shi ne ya fi ƙarancin kumbura ƙafa, kuma wannan fatan ne ya sa likitan ya rubuta mata shi.

Nuwamba da Disamba 2023

Watanni biyun nan sun wuce lafiya. Awon jini ya tsaya tsakanin 130 zuwa 136 bisa 80 zuwa 84. Ƙafa ta sauka zuwa santimita 25.5 a tsakiyar Disamba. Hunturu ya shigo, tana suya a zaune, tana ɗaga ƙafa bayan azahar.

Janairu da Fabrairu 2024: biyar ta koma wata biyar

Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 da sakin naira a watan Yuni, kuɗin magungunan da ake shigowa da su yake hawa, a Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Ɗan kuma man fetur yake saye da tsada kafin ya samu na cefane. A makon farko na Janairu ya je kemis da tsohon kwali, ya ji kuɗin, ya tambaya ko akwai mai sauƙi. Yaron shagon ya ɗauko masa amlodipine mai lamba 5.

"Ai duk ɗaya ne, yallaɓai. Wannan biyar, wancan biyar, kamfani ne kawai ya bambanta."

Suna ɗaya ya gani, lamba ɗaya, kuɗi kuma ƙasa da rabi. Ya saya.

Daga ranar abin da ke mata aiki ya sauka daga miligiram 5 zuwa 2.5. Ba wanda ya lura, saboda maganin ba ya barin jiki farat ɗaya, kuma hawan jini ba ya sallama in zai dawo. Abin da ido ya gani ma mai daɗi ne: ƙafa ta koma santimita 24, kumburi ya ɓace ƙurmus. Uwar har ta sa wa ɗan albarka, ta ce wannan kamfanin ya fi karɓar ta.

A tsakiyar Fabrairu ciwon kai ya dawo. Awo a kemis ya nuna 158 bisa 98, bayan kwana uku 160 bisa 96. Gidan ya yanke cewa jabu aka sayar musu, zargin da ba wanda zai ga laifinsu a kai a kasuwar maganinmu. Aka duba kwali, lambar NAFDAC tana nan, ranar lalacewa da sauran fiye da shekara. Duk da haka ɗan ya canza shago, ya je wani babba a cikin gari, ya sayi amlodipine 5 na wani kamfanin, har na wata uku don kada kuɗi ya ƙara tashi. Awo bai sauya ba.

Maris 2024: azumi da faɗuwa

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Washegari 'yar ta kai ta asibiti, awo 160 bisa 98. Ba likitan Oktoba suka samu ba, kuma layi ya yi tsawo. Kati ya nuna S-amlodipine 5.

"Mama, kina shan maganinki?"

"Ina sha, likita, mai biyar ɗin nan. Ko fashin rana ɗaya ban yi ba. Sai dai yaran nan sun ce ko jabu ne."

Ba su zo da kwalin ba. Likitan ya sake rubuta S-amlodipine 5, ya ce a saya a kantin maganin asibiti. Nufinsa a ajiye na waje a koma wannan. 'Yar kuma, ganin jini ya hau kuma kwalin da aka miƙo mata bai yi kama da na gida ba, ta fahimci ƙari aka yi. Uwar ta tsara abinta da kanta: ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa-baki.

Yanzu S ɗin da ke shiga jikinta miligiram 7.5 ne a rana, kwatankwacin 15 na gama-gari, wato iyakar da aka yarda da ita da rabinta a kai. Ga azumi, ga zafin ƙarshen Maris na Gombe, ga wutar suya don odar ƙuli-ƙuli ba ta tsaya ba. Mako na farko sai fuska da ke mata zafi da bugun zuciya da take ji a kunne. Mako na biyu jiri in ta miƙe daga zaune, ƙafa kuma ta kai santimita 27.5. Duk aka ɗora wa azumi.

Daren 27 ga Maris, tana tasowa daga sujada a sallar asham, ta yanke jiki ta faɗi, goshinta ya bugi bango. A ƙaramin asibitin da aka kai ta awo ya nuna 96 bisa 58, bugun zuciya 104 a minti, suga lafiya. Aka sa mata ruwa leda biyu, aka ce ta dakatar da maganin hawan jini, ta sha azumi na 'yan kwanaki, ta koma babban asibiti da duk wani magani da ke ɗakinta. Jirin bai sake ta gaba ɗaya ba sai bayan kwana uku.

Afrilu 2024: leda a kan tebur

Ranar 2 ga Afrilu suka je su uku, karo na farko da ɗan ya bi su. Kwana shida ba magani, awo ya koma 148 bisa 92. Likita ya tura su wurin mai harhaɗa magunguna na asibitin, shi kuma ya zazzage ledar a kan tebur: ragowar furosemide, tsohon kati na amlodipine 10, kwalaye na amlodipine 5 daga kamfanoni biyu, da S-amlodipine 5.

"Mama, wannan da wannan tare kike sha?"

"Tare, ɗana. Wannan da sahur, wannan in an sha ruwa."

Ya tambayi ɗan tun yaushe ya fara sayen wanda ba shi da S, ya tambayi 'yar abin da ta ji a bakin likita ranar 12 ga Maris. Sannan ya ɗauki takarda ya jera watannin, kowane da adadin S ɗin da ta riƙa sha: Mayu zuwa Oktoba 5, Oktoba zuwa Disamba 5, Janairu zuwa tsakiyar Maris 2.5, makonni biyun ƙarshe 7.5. Da aka ajiye awon jininta kusa da waɗannan lambobi sai suka bi juna sawu da sawu. Bai ga wata alamar jabu a kwalayen ba.

Likita ya tsaya a kan amlodipine na gama-gari miligiram 5, wanda ɗan ya riga ya tara na wata uku kuma aljihunsa zai iya ɗauka, da niyyar haɗa shi da wani maganin hawan jinin, losartan miligiram 50. Losartan da danginsa suna sassauta jijiyoyin da ke dawo da jini, don haka matsin da ke tura ruwa cikin nama yana raguwa, ga shi kuma magunguna biyu a ƙaramin awo sukan fi ɗaya da aka kai maƙura saukar da jini. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka buga a 2019, ya bi mutum 728 baƙar fata a ƙasashe shida na Afirka, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini bayan wata shida. Saboda azumi da zafi da ƙarancin ruwa a jiki, likitan ya jinkirta losartan ɗin har bayan sallah, aka fara ranar 15 ga Afrilu. Bayan mako biyu aka sake gwajin ƙoda da na sinadarin fotasiyam, duka lafiya.

Mai harhaɗa maganin ya karɓe furosemide da tsohon kati mai 10 da S-amlodipine. Ya rubuta sunayen magunguna biyun da awonsu a ɗan kati da manyan baƙaƙe, ya ƙara a ƙasa cewa kada a ba da mai S, ya ce wa ɗan ya ɗauki hotonsa a waya ya nuna a duk shagon da ya shiga.

Mayu zuwa Oktoba 2024

Awon wata-wata ya tsaya tsakanin 126 zuwa 136 bisa 78 zuwa 84. Ƙafa santimita 24 zuwa 24.5, har cikin damina da ta koma tsayuwa fiye da yadda aka so. Ba jiri, ba faɗuwa. Kwalayen da aka zarga da jabu su ta ci gaba da sha har suka ƙare.

Hukunci

Maganin fitsari da saiwoyi sun gaza ne don an yi wa kumburin fassarar da ba tasa ba, wannan a fili yake. Ɗaga amlodipine zuwa 10 tun a Mayu 2023, maimakon ƙara masa abokin aiki, shi ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya, ko da yake ba kuskure ba ne a ƙa'ida, kuma ƙwaya ɗaya ta fi biyu sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko S-amlodipine ya yi mata amfani. Ƙafarta ta ragu da santimita ɗaya da rabi a kansa, amma a daidai lokacin ne sanyi ya shigo, ta fara suya a zaune, ta fara ɗaga ƙafa. Lamarin mutum ɗaya ba zai raba waɗannan ba. Akwai gwaje-gwajen da suka samu ƙarancin kumburi da shi, yawancinsu ƙanana. Ni dai abin da ke sa ni taka-tsantsan shi ne, kumburin daga buɗewar jijiya yake zuwa, buɗe jijiyar kuwa aikin S ɗin ne da kansa. Nifedipine, ɗan'uwan amlodipine, ɓangarorin zobensa biyu iri ɗaya ne, don haka ba shi da tagwai ko kaɗan, kuma yana kumbura ƙafa sosai. A jikin matar nan ma kumburin adadin S ya fi bi: ya ɓace a 2.5, ya fi muni a 7.5. Ban ɗauki S-amlodipine yaudara ba, magani ne na gaskiya mai aiki. Amma ga gidan da kuɗin magani ke fitowa daga cinikin Keke Napep na yini, ribarsa ba ta kai haɗarin ruɗanin da ya shigo da shi ba, kuma likitan da ya rubuta shi ya bar 'yar ta fita da fahimtar cewa an rage magani.

Wannan ba yana nufin raba tagwaye kwalliya ce ba. Praziquantel, maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu, musamman a garuruwan bakin ruwa irin na kewayen madatsar Dadin Kowa, gauraye ne: na R ke kashe tsutsar, na S kuma shi ke kawo mafi yawan ɗacin da ke sa yara tofarwa. An tace R ɗin zalla an yi ƙaramar ƙwaya mai narkewa don yaran da ba su isa makaranta ba, hukumar magunguna ta Turai ta ba da ra'ayin amincewa da ita a Disamba 2023. Wannan rabuwa ce mai dalili. A ɗaya gefen kuma akwai thalidomide, maganin sa barci da kwantar da tashin zuciya, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, masu juna biyu suka sha, aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasar gaɓoɓi kafin a janye shi a 1961. An sha faɗin cewa da an ba da tagwai ɗaya da an tsira, amma a cikin jini kowane ɗayansu yana rikiɗa ya koma ɗan'uwansa, don haka tacewar ba za ta hana komai ba. Tun 1992 hukumar abinci da magunguna ta Amurka take buƙatar masu sabon magani su yi nazarin kowane tagwai da halinsa a jiki, maimakon a yi zato.

A shagunan kemis na Gombe amlodipine ba shi kaɗai ke da wannan tarko ba. Levocetirizine 5 na mura da ƙaiƙayi daidai yake da cetirizine 10. Escitalopram 10 na ciwon damuwa yana tsayawa a matsayin citalopram 20. Levofloxacin na kashe ƙwayoyin cuta rabin ofloxacin ne mai aiki. Sai dai lissafin rabi ba doka ba ce ta kowane magani: omeprazole da esomeprazole na gyambon ciki duka tagwayen suna komawa abu ɗaya mai aiki in sun isa ciki, bambancinsu a yadda hanta ke sarrafa su ne, don haka ba a raba awonsu biyu. Ibuprofen kuma jiki da kansa yake mayar da wani kaso na R ɗinsa zuwa S.

Yaron shagon da ya ce biyar biyar ce ya yi kuskure, amma kwalayen ma ba su taimake shi ba: harafin yakan zo ƙarami, wani lokaci a manne da sunan kamfani, kuma ba kowane kwali ke faɗin kwatankwacinsa da na gama-gari a inda ido zai gani ba. S-amlodipine da levamlodipine da levoamlodipine sunaye uku ne na abu ɗaya, 2.5 ɗinsu 5 ne, 5 ɗinsu 10 ne, kuma ba a haɗa ɗayansu da amlodipine a sha tare.